Shekarar da Wuta ta Ci Rafin Marke

Ku biyu kun san shekarar da nake nufi. Ita ce shekarar da Kirsimeti ta zo ta wuce ina cikin ƙasar amma ban taka gida ba. Rifkatu, ke kin riƙe ta a zuciya. Ayuba, kai ka yi ƙanƙanta a lokacin, abin da ka sani shi ne abin da aka gaya maka. Ban taɓa zama na ba ku labarinta daga farko ba, domin duk sanda na zo hutu kwanakin kaɗan ne, ga baƙi, ga gaishe-gaishe, ni kuma ba na son in ɓata ɗan zaman da na samu da ku. Yanzu da gwiwoyina suka fara gaya mini zaman Jidda ya kusa ƙarewa, gara ku ji daga bakina.

Bayan rasuwar babanku na samu aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Aziziyya, na bar ku a Zariya a hannun yayata, Yaya Ladi. Mutanen gida sun ɗauka na faɗa cikin daula. Gaskiya ne da aikin nan kuka yi karatu, amma ba wanda ya taɓa tambayata yadda yini ke wucewa. Masaukin da asibiti ya ba mu a saman wasu shaguna yake, ɗaki ɗaya mu uku, ni da wasu 'yan Indunusiya biyu. Mutanen kirki ne, sai dai da sun dawo daga aiki sai su koma yarensu, su yi ta dariya, ni kuma in juya fuska bango. Babu majami'a a garin. Lahadi ranar aiki ce kamar kowace rana; ina ɗaura wa marasa lafiya ƙarin ruwa a daidai lokacin da na san ana kaɗa ganga a gida. Ranar Juma'a, da yake ita ce hutuna, nakan jira su fita, in rufe ƙofa in yi sujadata ni kaɗai, in rera waƙa can ƙasa-ƙasa, ƙarar na'urar sanyaya ɗaki tana danne muryata. Na yi shekaru ina addu'a ba wanda ya amsa mini da amin.

Idan kewar Hausa ta ishe ni, sai in ɗauki tasi zuwa Sa'alaba, can kudancin gari inda gidaje suke gajeru tsofaffi, wurin Hajiya Mariyama. Mutuniyar Damagaram ce, ta zo umara tun da sauran ƙuruciyarta ta zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai, tana tuƙa tuwo a tsakar gida, leburori da direbobi suna saye. Ranar da na fara zuwa ta tambaye ni ko na samu yin umara tun zuwana. Na gaya mata ni Kirista ce. Ta tsaya da muciya a hannu tana kallona.

"Bahaushiya kuma?"

"Bahaushiya, Hajiya. Kakannina daga wajen Malumfashi suke."

"To, halas, shi ke nan. Zauna ki ci. Amma wannan magana ki bar ta cikin ɗakin nan, kin ji ko? Ba kowa ke da hankali ba."

Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Ita kaɗai ce mutum a duk Jidda da ta san sunayenku.

A shekarar da nake ba ku labari, wajen ƙarshen damina, saƙon murya ya shigo mini daga Malam Bulus. Tsohon mai bishara ne, abokin tafiyar babanku, yana zaune da matarsa a wani ƙauye da ake kira Rafin Marke, can cikin dajin da ke tsakanin Kano da Bauchi. Ya ce kowace kaka ikilisiya tana tura musu matasa 'yan aikin sa kai, su koyar da karatu, su taya mutane kare gari daga gobarar daji, amma ba a taɓa samun mai aikin jinya ba. Ya ce bara wuta ta ƙona wani dattijo a ƙafa, ƙunar ba ta kai ta kashe mutum ba, rashin mai wanke ta ne ya kashe shi. Bai roƙe ni ba. Cewa kawai ya yi, ya tuna Dauda ya auri nas.

Na saurari saƙon nan har ban san adadi ba. Babanku ya sha ba ni labarin mutanen wurin, ya rasu da burin mu je tare. Wannan dalili ne, kuma shi na faɗa wa kowa. Akwai na biyu da ban faɗa ba: ina so in tsaya a fili, cikin mutane, in buɗe baki in yi addu'a da ƙarfi da harshena. Na tsara abina tsaf. Hutuna wata guda ne. Yawancinsa a ƙauye, makon ƙarshe kuma naku, mu yi Kirsimeti tare. Da na kai wa Hajiya Mariyama maganar, ajiye marar tuwo ta yi.

"Ke Saratu, ina hankalinki? Sau ɗaya kafili, ubangidan aikinki, ke ba ki ijazar hutu a shekara. Kina da iƙama, kina da biza, ki hau jirgi ki je ki dawo kamar mai zuwa kasuwa. Ni ɗana yana rarrafe na baro shi, yau har ya yi gemu, a waya kawai na san fuskarsa. Sai ki kwashi kwanakinki ki kai wa mutanen daji?"

"Ba duka ba, Hajiya. Makon ƙarshe na yara ne."

"Allah ya sa. Yalla, ci, tuwonki na hucewa."

A cikin kwanakin ne kika kira ni, Rifkatu, muryarki har rawa take don murna. Kina 'yar shekara goma sha biyar.

"Mama, an sa baftismarmu Lahadin da ke gaban Kirsimeti, a rafi. An ce kowace yarinya mamanta ce za ta tsaya a bakin ruwa da zane, in ta fito ta lulluɓe ta. Za ki zo ko?"

"Zan zo, uwata."

Da zuciya ɗaya na faɗa. Har kasuwar Balad na je na zaɓo zanen da kaina, fari mai ɗigon shuɗi. Da na sauka Kano na biya ta Zariya na gan ku, na bar shi a akwatin Yaya Ladi, na ce a ajiye mini har in dawo.

Hanyar Rafin Marke mota ba ta kai ƙarshenta. Inda kwalta ta ƙare aka ɗora ni a babur, ni da kwalin magunguna, muka ratsa busasshen rafi mai yashi, muka shiga ciyawar da ta fi mutum tsawo, ta bushe ta yi ja. Garin bukkoki ne da rumbuna, duk jinkar ciyawa, an gama yankan dawa an tara dammuna a bakin gari. Kiristocin wurin ba su da yawa, majami'arsu rumfa ce mai bangon laka iya ƙugu. Sauran mutane wasu Musulmi ne, wasu suna kan al'adar kakanninsu, kuma duk rijiya ɗaya suke sha. Matasan da ikilisiya ta turo su shida ne. Da safe muna fita da fartanya da adda tare da mazan gari, muna share wani faffaɗan fili kewaye da gidaje, a nome ciyawa har ƙasa domin in wuta ta zo ta rasa abin ci. Da hantsi ni kuma in koma gindin marken da garin ya ci sunansa, in baje magunguna a tabarma: masu zazzaɓi, masu gyambo, mata masu ciki, yara masu gudawa. Da yamma a taru a rumfa, mai so ya zo.

Na samu abin da na je nema, amma ba duka ba. Ranar Lahadin farko da na yi addu'a, mutane suka amsa amin baki ɗaya, sai da na dafa bango. Sai dai tun ranar da na sauka labari ya bazu cewa daga Saudiyya nake, shi ke nan sunana ya koma Hajiya. Tsofaffin Musulmi suna zuwa su gaishe ni, su tambaye ni ko na taho da zamzam. Matasanmu kuwa, sa'o'in ƙannena, in na zo sai hira ta tsaya, a miƙo mini kujera, a koma ranki ya daɗe. A Jidda ni ce Kiristar da ba ta faɗin sunan addininta, a Rafin Marke ni ce Hajiyar da ta zo daga Makka. Ni kaɗai nake cin abincina a ɗakin da matar Malam Bulus ta gyara mini, ina jiyo dariyarsu daga waje.

Saura 'yan kwanaki in taho gare ku wutar ta zo. Da azahar ce. Wasu masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta can gabas kamar yadda suka saba, sai iska ta juya. Gefen gabas kuwa shi ne wanda ba mu gama sharewa ba. Abin da na fara ji ba zafi ba ne, ƙara ce, kamar ana kakkarya karan dawa na gona guda a lokaci ɗaya. Na ɗaga kai na ga shirwa sun cika sama suna cafkar farin da ke tsere wa wuta. Kafin a ce me, rana ta yi ja cikin hayaƙi, mata suna kiran sunayen 'ya'yansu, awaki suna tsinke igiya. Maza suka sassaro ɗanyun rassa suna dukan wutar, matasanmu suka jera daga rijiya suna miƙa bokitai, amma wutar ba tafiya take a ƙasa kawai ba, tsalle take daga jinka zuwa jinka. Inda muka share ta tsaya, ta yi ta huci ta mutu. Inda ba mu kai ba ta shiga ta ci gidajen gabas da rumbunansu.

A ɗaya daga cikin gidajen nan akwai wata mata mai suna Talatu, mai sayar da daddawa. Ba ta taɓa zuwa rumfarmu ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu a bakin rijiya. Mijinta ya tafi cin rani, ya bar ta da yara da uwarsa, tsohuwa makauniya. Talatu ta fitar da yaran, ta waiwaya ba ta ga tsohuwar ba, ta koma. Na gan ta da idona ta fito goye da surukarta kamar jaririya, ta sauke ta, ta tura ta gaba. A daidai nan jinkar ƙofar ta rufto mata a baya. Da muka jawo ta, zanenta ya manne da fata tun daga wuya har ƙugu, hannun hagu kuma ba ya kallo. Tsohuwar ko ƙwarzane ba ta yi ba, tana zaune a ƙasa tana lalube tana cewa, ina Talatu, ina Talatu.

Mun gwada fitar da ita. A babur ba zai yiwu ba, ba ta iya zama. Aka shimfiɗa katifa a amalanken shanu aka kwantar da ita rub da ciki, amma ba mu yi nisa ba girgizar hanya ta sa ta suma, numfashinta ya koma sama-sama. Na ce a juya. Malam Bulus ya tafi neman mota, direban ya zo bakin yashi ya duba ya ce ba zai shiga ba. Ɗakina ya zama asibiti. Na rataya ƙarin ruwa a jikin ƙusa, kullum in tafasa ruwa da gishiri, in jiƙa bandejin jiya in ɓare shi a hankali, in wanke, in yanke mataccen nama da almakashi. Tana cizon tsumma, ba ta ihu, sai hawaye. Da man ƙuna ya ƙare muka koma zuma. Sannan zazzaɓi ya shigo, irin wanda duk mai aikin jinya ya san ma'anarsa.

Matasan suka ɗaure kayansu, kowa zai tafi Kirsimeti gidansu, ban ga laifinsu ba. Malam Bulus ya same ni a ƙofar ɗaki ina wanke almakashi.

"'Yata, babur zai koma gobe. Na san alkawarin da ke tsakaninki da yarinyar nan. Ba wanda zai ce kin gaza."

"Baba, in na tafi wa zai wanke?"

"Mama, matata, za ta gwada."

"Hannunta na rawa, Baba. Ba ta iya sa allura ba. In aka yi kwana biyu ba a yi daidai ba, ciwon zai ruɓe."

Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

A duk garin wuri ɗaya ne waya ke kamawa, kan wani dutse a bayan rijiya. Na hau da la'asar. Daga can ana ganin ƙasa baƙa ƙirin har iyakar ido, kututture suna ta hayaƙi. Yaya Ladi ta ɗauka, na yi mata bayani, ta ce in faɗa miki da bakina, ita ba za ta ɗauki wannan saƙo ba. Na ji tafiyarki kina zuwa da gudu. Na gaya miki komai, wutar, da tsohuwar, da bayan Talatu, da zazzaɓin. Na yi ta magana domin ina tsoron in yi shiru. Da na gama kika ce:

"'Yar ikilisiya ce?"

"A'a."

"'Yar'uwarmu ce?"

"A'a, uwata. Mutum ce kawai, kuma ba ta da kowa sai ni."

Na duba wayar ko ta yanke. Sannan kika ce, "To." Kika miƙa wa Yaya Ladi.

Ranar Lahadin, a lokacin da na ƙiyasta kuna gangarawa rafi, ina durƙushe ina ɓare bandeji. Talatu ta juyo da kai ta ga fuskata, ta ce, "Hajiya, yau ke ce ke kuka, ba ni ba." Na ce hayaƙi ne. Kirsimeti muka yi ta mu kaɗan a rumfa, da tuwon dawar da aka tsamo daga rumbun da ya ƙone, yana warin gobara. Waɗanda gidajensu suka tsira suka raba ɗakuna da waɗanda suka rasa, ba a tambayi wa ke bin wace hanya ba. Bayan Kirsimeti zazzaɓin ya sauka, gefen ciwon ya fara yin ja mai kyau. Na zaunar da matar Malam Bulus na riƙe hannunta muna wankewa tare, har ta daina kau da kai. Ban bar garin ba sai da bizar komawata ta zo gab da ƙarewa. Daga babur sai mota, daga mota sai filin jirgin Kano, ko Zariya ban biya ba.

Yaya Ladi ta zo filin jirgi da kai, Ayuba. Ka rungume ƙafata ka tambaye ni me ya sa nake warin wuta. Na duba bayanta, ba kowa.

"Ta ce kanta na ciwo," in ji Yaya Ladi. Ta gyara mayafinta, ta ƙara da cewa, "Ni na riƙe mata zanen. Ya yi mata kyau. Da ta fito daga ruwa sai da ta dudduba ko kina nan, ko da yake ta sani."

Juma'ar farko bayan na koma na je Sa'alaba da ƙullin daddawar da maƙwabtan Talatu suka ba ni. Hajiya Mariyama ta karɓa ta sansana, ta tambaye ni yara. Na ce suna lafiya. Ta ce Rifkatu ta ƙara tsawo? Na zauna a tabarma na rufe fuska da mayafi. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta kori masu jiran tuwo ta ce yau babu, ta jawo ƙofa, ta zauna kusa da ni a tabarma. Da aka kira la'asar ta tashi ta yi sallarta a gefena, ta idar, ta dawo ta zauna. Tana nan kusa da ni har na tafi.

Talatu ta rayu. Hannun hagun bai sake miƙewa ba, amma Malam Bulus, kafin Ubangiji ya kira shi, yakan gaya mini tana nan tana daddawarta da hannu ɗaya, ta aurar da 'ya'yanta mata biyu. Ba ta zama Kirista ba, in kuna son sani. Ban sake komawa Rafin Marke ba, duk hutun da ya biyo baya a Zariya na yi shi. Amma ke Rifkatu, daga shekarar nan gaisuwarki ta gajarce. Ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba. Ina kwana Mama, lafiya lau Mama, ga Yaya Ladi. Da aka ba ki gurbin jami'a, da kika haɗu da wanda kika aura, duk daga bakin yayata na ji. In da za a mayar da ni kan dutsen nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma na san ba ni kaɗai na ɗauki nauyinsa ba, kuma ke ba a tambaye ki ba kafin a ɗora miki.

Ranar aurenki na zo da ijazar mako biyu. A wurin liyafa mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce uwar amarya ta fito ta sa wa 'yarta albarka. Ina zaune kusa da Yaya Ladi, anko ɗaya muka sa. Ta taɓa gwiwata.

"Tashi mana, Saratu."

Na duba inda kike tsaye cikin farar riga, na ga wadda idonki yake kai.

"Je ki, Yaya. Ke ake kira."

Ta je, kika durƙusa a gabanta, ta dafa kanki ta yi addu'a, ni ma na ce amin daga kujerata tare da sauran baƙi. Can da taro ya fara watsewa, ana tattara kujeru, sai na ga farar riga a gabana. Kika ɗan sunkuyo.

"Mama, kin ci abinci?"

Na ce na ci, alhali ban ci ba. Kika gyaɗa kai kika koma wurin mijinki. Wannan tambaya taki ita na yi ta juyawa a raina a cikin jirgi, har na sauka Jidda, na hau benen masaukinmu da akwatina, na buɗe ƙofa na tarar duk sun tafi aiki.